Turaren Wuta a Jirgin Suwais

Shekara goma sha ɗaya na yi a Jidda kafin in taka jirgin ruwa. Daga Maradi aka kawo ni gidan miji, ta jirgin sama, kuma kafin nan ruwa mafi girma da na taɓa gani shi ne gulbin garinmu in damina ta yi kyau. A Jidda kuwa ga teku a kusa, amma sai dai kallo. Ranar Alhamis da yamma maigidana yakan kwashe mu da yara zuwa bakin ruwa, mu shimfiɗa tabarma, mu buɗe fulas ɗin shayi. Can nesa jirage suna jere suna jiran izinin shiga tasha. Nakan zuba musu ido ina cewa a raina ko yaya cikinsu yake.

A lokacin, wajen ƙarshen shekarun 1980, muna zaune a unguwar Waziriyya, a wani bene, hawa na biyu. Maigidana yana aiki a wani kamfanin kwali a unguwar masana'antu ta Jidda. Abokin aikinsa a inji ɗaya Bamisire ne, shekara takwas suna tsaye kafaɗa da kafaɗa, kuma shi da iyalinsa ne a hawan da ke ƙarƙashinmu. Matarsa ta girme ni kaɗan. Ita ta koya mini yadda suke miyar lalo da tafarnuwa, ni na koya mata dambu. Babbar 'yarsu a gabana ta girma kafin a mai da ita ƙauyensu karatu.

Wata safiya matar ta hau samanmu ko sallama ba ta gama ba ta kama hannuwana biyu. An sa ranar auren 'yar, a ƙauyensu, kusa da Isma'iliyya, cikin hutun bazara.

Na yi mata barka, na ce Allah Ya sanya alheri.

Ta ce, "Ba barka na zo karɓa ba, ya ukhti. Tare za mu tafi. Ke kika yi mata kitson farko da ta taɓa yi, ba za a kai ta ɗaki babu ke ba."

Na ce, "Ni a Masar? Ta ina?"

"Ta ruwa. Kwana biyu daga nan zuwa Suwais. Mu kowace shekara haka muke yi."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ina dariya ba. Da maigidana ya dawo aiki na tarar ashe mijinta ya riga ya tare shi da maganar tun a kamfani. Ya ce shi bai ƙi ba, in kafili, wato Balaraben da ya tsaya masa a takardun zama, ya sa hannu. Kafili ya sa hannu. Aka yi mana bizar fita da dawowa, aka je ofishin jakadancin Masar sau biyu, aka yi mana allurar rigakafi. Yayata da ke unguwar Mahjar ta ce a kai mata yara, su zauna tare da nata.

Daga ranar da labari ya bazu a unguwa, kowa ya zama masanin teku. Wata ta ce in rataya albasa a wuya. Wata ta ce kada in kuskura in kalli ruwa, ja yake yi. Wata kuma ta ce in yi azumi har mu sauka. Babu wadda ta taɓa shiga jirgi a cikinsu. Na kwashe duka na kai wa maƙwabciyata. Ta yi dariya har tana share hawaye, sannan ta ɗora shayi, ta ce in zauna in saurara, don ita sau tara tana wannan hanyar.

Ta ce, "Na farko, jaka biyu za ki yi. Babban akwati da zarar mun shiga tasha za su karɓe shi su jefa cikin jirgi can ƙasa, ba za ki sake ganinsa ba sai Suwais. Duk abin da za ki nema cikin kwana biyun nan, ki sa shi a ƙaramar jaka ki riƙe a hannu. Kayan sawa, magani, sabulu, tawul, dardumar salla."

"Fasfo fa?"

"Fasfo da takardu ba a jaka ba. A jikinki. Ki ɗinka aljihu a cikin riga."

Ni kuwa ɗinki sana'ata ce, a daren na ɗinka aljihun, har da maɓalli.

Ta ce in ɗauki rigar sanyi. Na ce rigar sanyi a wannan zafin da ko kwalta narkewa take yi? Ta ce a cikin jirgi na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa, a waje kuma da asuba iskar teku ratsa ƙashi take yi. Ta ce in bar takalmina mai tsini a akwati sai ranar biki, in sa mai shimfiɗaɗɗen ƙasa wanda ba ya santsi, don matakalun jirgi na ƙarfe ne kuma kullum da danshi. Mayafi kuma a kama shi da fil biyu, in ba haka ba iska ta kai shi Sudan.

Batun ɗaki mijinta ya riga ya gama. Ya zaɓar mana a tsakiyar jirgi, a hawan ƙasa. Ta ce mutane suna rububin ɗakunan sama da na gaba don a ce su manya ne, alhali nan ne jirgi ya fi jijjiga. Tsakiya ta fi zama lafiya.

Ta ce, "Abinci kuma kada ki cika ciki, kada ki bar shi wayam. Burodi busasshe, shayi, lemun tsami, 'yar citta. Ki nisanci maiƙo. In kika ji kanki yana juyawa, kada ki gudu ɗaki ki kwanta. Ki fito sarari, ki kafa ido can inda sama ta haɗu da ruwa. Wurin nan ba ya motsi, shi zai daidaita miki kai."

Na ce, "To ai an ce kar in kalli ruwa."

"Na ƙarƙashin ƙafarki ne kar ki kalla. Ki kalli na nesa."

Duk abin da ta faɗa na maimaita wa maigidana da dare bayan cin abinci. Yana jin rediyo yana cewa to, to. Na san rabin maganar bai shiga ba.

Sati biyu na yi ina shirin gudummawata. Ba ni da abin da ya fi turare, don haka na haɗa wa amarya turaren wuta irin namu, na itace da sukari da miski, na dafa shi a hankali har ya yi baƙi yana sheƙi, na cika kwalabe shida. Na haɗa humra kwalba biyu. Na sayi ɗan kasko sabo da ƙullin gawayi, don in nuna mata yadda ake turara ɗaki da tufafi. Da na tuna yadda aka ce ana jefa akwatuna, sai na ce kwalabena ba za su shiga can ba. Na naɗe kowace a tsumma na jera su a ƙaramar jakata, da kaskon da gawayin da ashana.

Ranar tafiya tun hantsi muka isa tashar jiragen ruwa, ko da yake sai bayan la'asar jirgi zai tashi. Wannan ma shawararta ce, kuma da na ga layin na gode mata. Ban taɓa ganin kaya irin na ranar ba. Firiji, fanka, barguna a cikin jakunkunan leda, keken yara, talabijin a kwali an ɗaure da igiya an rubuta suna da jan fenti. Kowa zai je gida hutu, kowa da tsarabar shekara. Maƙwabtanmu kaɗai da injin wanki da katifa biyu na amarya. Aka duba fasfo, aka duba biza, aka buga hatimi, aka sa mu a bas.

Bas ɗin ya zagaya bayan wani dogon sito, sai ga jirgin a gabanmu. Daga bakin ruwa nakan ga jirage kamar ƙwaryar da aka kife. A kusa kuwa sai da na ɗaga kai har mayafina ya zame. Fari ne, da jeren tagogi hawa bisa hawa, ya fi gidanmu na Waziriyya tsawo nesa ba kusa ba. Ta bayansa an buɗe wata ƙatuwar ƙofa, motoci suna shiga ɗaya bayan ɗaya da kaya a kansu.

Na kama hannun rigar maigidana na ce, "Alhaji, wai wannan duk zai tashi da mu?"

Ya ce, "Haka suka ce, Hajiya." Shi ma idonsa yana sama.

Na yi bisimilla na ɗora ƙafar dama a matakala. Ta ɗan yi lilo. Maƙwabciyata tana bayana tana cewa yalla, yalla, kar ki tsaya a tsakiya. Da na kai sama wani ma'aikaci cikin farar riga ya karɓi tikiti ya ce ahlan, ya nuna mana hanya.

Cikin jirgin gari ne guda. Akwai zauren cin abinci da tebura a kafe a ƙasa, akwai kanti, akwai masallaci, akwai wani babban zaure cike da kujeru na waɗanda ba su kama ɗaki ba. Lungunan ɗakuna kuwa duk iri ɗaya ne, ƙofa kamar ƙofa, kafet kamar kafet. Kafin mu ajiye jaka maƙwabciyata ta ciro biro ta rubuta mini lambar ɗakinmu a tafin hannu. Ta ce mu fita mu dawo sau biyu daga ɗaki zuwa sarari, har ƙafata ta riƙe hanyar. Sannan ta durƙusa ta jawo rigar ceto daga ƙarƙashin gado, mai launin ruwan lemo, ta zura mini ta ɗaure igiyoyin, ta kwance ta ce in ɗaura da kaina. Ta nuna mini wata takarda a bayan ƙofa mai zanen inda mutanen lungunmu za su taru in wani abu ya faru, muka hau muka ga wurin da idonmu, a gindin wani kwale-kwale da ke rataye.

Ta ce, "In sha Allahu ba za ki buƙace shi ba. Amma ki san shi tun kina cikin hankalinki."

Ɗakin namu ɗan ƙarami ne, gado biyu ɗaya a kan ɗaya, da wurin wanke hannu, da taga zagayayya wadda ba ta buɗuwa. Na leƙa, ga ruwa kusa da hancina. Na zauna a gado na tashi, na buɗe famfo na rufe, na kunna fitilar kan gado na kashe. Maigidana ya ce in bar musu jirgi da sauran lafiyarsa.

Bayan la'asar muka hau can sama, kowa ya yi cirko-cirko a jikin ƙarfen gefe. Aka kwance igiyoyi masu kaurin cinyar mutum. Jirgin ya yi wani irin ƙugi da na ji har cikin haƙorana. Ban ji mun motsa ba, sai dai na ga ruwa ya shiga tsakaninmu da siminti, yana faɗi, yana faɗi. Wata tsohuwa kusa da ni ta rangaɗa guɗa irin tasu. Ban yi shawara da kowa ba na rangaɗa tawa irin ta Maradi. Mata suka juyo suna dariya suna tafa mini. Maigidana ya matsa gefe kamar bai san ni ba, amma na ga yana murmushi.

Muka karanta addu'ar hawa abin hawa. Jidda ta yi ta ja da baya. Garin da na sani lungu-lungu, da zafinsa da ƙarar motocinsa, sai ga shi ya zama farin layi siriri, duwatsu a bayansa. Na yi ta neman Waziriyya da ido, maigidana ya ce ba za a gan ta daga nan ba. Ruwan da ke kore a bakin tasha ya koma shuɗi mai duhu kamar an zuba baba.

Da magariba ta yi muka tafi masallaci ɓangaren mata. Ni dai tun ina yarinya alƙibla gabas ce. A Maradi gabas, a Jidda ma gabas. Na shimfiɗa darduma yadda hankalina ya ba ni, sai wata mata ta taɓa kafaɗata ta nuna mini wata kibiya ta katako a bango, mai juyawa. Ta ce ma'aikata ne suke gyara ta kowace salla, don jirgi tafiya yake yi, Makka tana komawa bayanmu. Washegari da azahar na duba, kibiyar ta ƙara karkata. Kafin mu kai Suwais kusan kudu muke fuskanta. Wannan abu ya tsaya mini a rai ƙwarai. Daga nan kullum sai na duba kibiya kafin in ta da kabbara.

Na yi barci mai daɗi, injin yana gunji a ƙarƙashina kamar ana lallashin jariri. Da asuba na zura rigar sanyi na hau sama, na kuwa gode wa mai shawara, don iskar har cizo take yi. Babu ƙasa ta kowace fuska. Rana ta ɓullo daga cikin ruwa jajir, ba gini ba bishiya da za su tare ta. Ina tsaye sai na ga wasu manyan kifaye masu dogon baki suna tsalle a gefen jirgi, biyu-biyu, uku-uku, suna tsere da mu. Wani dattijo ya ce mini sunansu darfil, ba sa cutar kowa. Na sauka da gudu na taso maigidana. Kafin ya sa takalmi ya hau, sun tafi. Har yau yana cewa wai ƙirƙira na yi.

Da rana aka buga ƙararrawar abinci. Ni na ɗauki shinkafa kaɗan da miyar adas, wani ƙanƙanin wake nasu, da burodi. Maigidana ya ga soyayyen kifi da makaroni mai maiƙo a gashe, ya cika faranti, ya ƙara. Na tuna masa maganar maƙwabciya. Ya ce ai jirgin ko motsi ba ya yi, kamar a falo yake.

Bayan azahar iska ta taso daga arewa, ta gabanmu. Jirgin ya fara ɗaga kai yana saukewa a hankali. Shayin da ke kofina ya riƙa tafiya gefe yana dawowa. Mutane suna tafiya a lungu suna dafa bango kamar masu koyon tafiya. Ni abin har daɗi ya yi mini, kamar lilon da muke yi a reshen tsamiya muna yara. Na tsotsi lemun tsami na zauna a benci ina kallon nesa. Da na waiwaya ban ga maigidana ba.

A ɗaki na same shi, kwance a gadon ƙasa, ya rufe ido, goshinsa duk gumi. Na ce ya tashi mu fita sarari. Ya ce ko ɗaga kai ba zai iya ba.

Ya ce, "Warin man nan ne yake kashe ni, Hajiya. Kamar a cikin tanki nake."

Gaskiya ne, da iska ta juya, warin man inji ya cika lungunmu. Na tsaya ina kallonsa, tausayi ya kama ni. A gida in ɗaki ya yi wari abu ɗaya na sani. Na jawo jakata, na ciro kasko, na ɗora gawayi biyu, na ƙyasta ashana, na yi ta fifita da murfin kwali har suka kama. Na buɗe kwalba ɗaya na barbaɗa turare. Hayaƙi ya miƙe, fari, mai kauri. Ɗakin ya ɗauki ƙamshin gidanmu. Maigidana ya ja numfashi ya ce Allah Ya yi miki albarka. Na ji daɗi, har na ɗan buɗe ƙofa don ƙamshin ya kori na lungu.

Ba a yi minti biyar ba na ji gudu. Aka turo ƙofar. Wani ma'aikaci ne riƙe da jar tukunyar kashe gobara, bayansa wani jami'i mai zare a kafaɗa, mai furfura a gefen kai. Bayansu kuma kawunan mutane suna leƙe. Jami'in ya dubi gado, ya dubi bango, sannan idonsa ya sauka kan kaskona a ƙasa, kan kafet, yana ta aikinsa.

Bai yi tsawa ba. Ya sunkuya ya ɗauki kaskon da tawul, ya kai wurin wanke hannu, ya sakar masa ruwa. Gawayin ya yi cuu ya mutu. Ya juya ya ce wa mutane babu komai, kowa ya koma. Sannan ya dube ni.

Ya ce, "Ya Hajja, karon farko ke nan a jirgi?"

Na ce eh.

Ya ce, "A gida in wuta ta tashi, waje ake gudu. Nan ina za mu gudu? Jirgin nan lilo yake yi. Da kaskon ya kife a kan kafet, ni da ke da duk wanda ke ciki muna cikin magana ɗaya. Babu gawayi, babu risho, babu kyandir, ko ƙaramin abin dafa shayi ba a kunnawa a ɗaki. In kina son ruwan zafi ki je zauren abinci, za su ba ki."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ce ya yi haƙuri, ban sani ba, maigidana ne ba lafiya. Ya ce ma'alesh, wato ba komai, abin ya wuce. Ya karɓi gawayin da ashanar ya ce in neme su a wurinsa in mun isa. Sai ya juya kan maigidana, ya ce kwanciyar nan ita take ƙara masa ciwo. Shi da ma'aikacin suka kama shi, ɗaya dama ɗaya hagu, suka hau da shi sarari, suka zaunar da shi a tsakiyar jirgi inda iska ke bugawa. Jami'in ya nuna masa can nesa ya ce ya ajiye idonsa a nan, ya aika aka kawo busasshen burodi da shayi ba madara.

Har ya juya zai tafi sai ya dawo. Ya ɗan rage murya ya ce, "Wannan turaren, a ina ake sayar da shi?"

Na ce ni na haɗa da hannuna.

Ya ce shekara ashirin yana kai wa matarsa turare daga kasuwannin Jidda, bai taɓa jin irinsa ba. Na sauka na ɗauko kwalbar da na riga na buɗe na miƙa masa. Ya ƙi, na nace, ya karɓa da hannu biyu, ya ce amma sai a tudu za a kunna.

Lokacin ne maƙwabciyata ta iso tana haki, labari ya same ta a zauren mata. Ta dafa ƙirji ta ce, "Na faɗa miki takalmi, na faɗa miki fil, na manta wuta. Wa zai ce mutum zai shigo jirgi da gawayi?"

Na ce, "Bamaradiya."

Muka yi ta dariya har maigidana ya buɗe ido ɗaya ya ce mu tausaya masa. Kafin magariba launinsa ya dawo. Ya cinye burodin ya nemi ƙari. Bai sake komawa ɗaki ba sai lokacin barci, kuma soyayyen kifi bai sake kallonsa ba har muka sauka.

Ƙamshin kuwa ya ƙi barin lungun. Ya shiga kafet ya shiga labule. Mata suka riƙa ƙwanƙwasa mana ƙofa suna tambayar mai turare. Bayan sallar magariba suka kewaye ni a zauren mata, na buɗe kwalbar humra suna shafawa a wuyan hannu suna shinshinawa. Da Larabcina na Jidda da nasu na Masar muka fahimci juna. Wata ta kawo dabino, wata ta kawo cuku mai gishiri, wata ta ce lallai in kwana gidanta a Alƙahira. Suka tambaye ni ina ne Nijar, na zana musu da yatsa a kan tebur, ga Masar, ga Libiya, ga mu a ƙarƙashi.

Safiya ta biyu na farka na ji jirgi ya daina lilo. Na leƙa taga na ga duwatsu jajaye a hagu, ba ko ciyawa a jikinsu. Na taso maigidana, wannan karon ya riga ni sa takalmi. A sama kowa ya fito da kayansa masu kyau, yara an wanke su an shafa musu mai. Teku ya tsuke, ƙasa ta bayyana dama da hagu, jirage manya-manya suna tsaye ko'ina suna jiran shiga mashigin ruwa na Suwais. Misirawa suna nuna wa 'ya'yansu gari da yatsa. Mijin maƙwabciyata, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, yana tsaye yana share ido da hannun riga.

Saukar ta ɗauki lokaci. Maƙwabciyata ta ce kada mu shiga turmutsutsun bakin ƙofa, mu zauna mu sha shayi, akwatuna ba za su riga mu fita ba. Muka zauna har layi ya ragu. Jami'in nan yana bakin matakala, ya miƙo mini ƙullin gawayina da ashana a cikin leda, ya ce a yi biki lafiya.

Da na taka siminti sai na ji ƙasa tana tashi tana sauka. Na tsaya cak na ware ƙafafu. Na ce, "Alhaji, ƙasar Masar motsi take yi."

Ya ce, "Na ɗauka ni kaɗai ne."

Maƙwabciyata ta ce haka ake yi, jiki ne bai yarda an sauka ba, zuwa gobe zai bari. Muka bi ta muna tangaɗi har zauren kwastan, muka nemo akwatunanmu a cikin tsaunin kaya, aka buɗe aka duba aka yi musu alama da alli. A waje wani tsoho cikin doguwar jallabiya da rawani yana tsaye a jikin wata tsohuwar a-kori-kura, kakan amarya ne. Ya rungume ɗansa, ya rungume maigidana kamar ya san shi tun da, ya ce mini nawwarti, wato na haskaka musu gari. Aka ɗaure injin wanki da katifu a baya, maza suka hau kansu. Ni da maƙwabciyata muka matsu a gaba kusa da tsohon, jakata a cinya. Ya tayar da mota sai a karo na uku, muka kama hanyar ƙauye, gonakin mangwaro dama da hagu.